Gonakinmu na Bayan Layin Dogo

Ni ɗan manomi ne, amma na bar gida da niyyar ba ni ba fartanya har abada. Mahaifina auduga yake nomawa a wani ƙauye yamma da Funtuwa. Ni ne na shida a 'ya'yansa, kuma ni kaɗai na yi nisa a boko. Da na zo London karatu, daga baya na samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, sai na ɗauka shi ke nan, tsakanina da ƙasa sai dai in taka ta da takalmi. Na fi shekara goma sha biyar a haka.

Matata ce ta warware min wannan shiri. Muna zaune a flat, wani sashe a bene hawa na uku, a kudancin birnin, ba mu da ko inda za a ajiye tukunyar fure. Duk Asabar sai ta je Peckham sayen alayyahu da yakuwa, ta dawo tana mita, wai ganyen ya yi yaushi, ya sha tafiya, ba ya ƙamshi. Ashe ba da sanina ba ta rubuta sunana a layin masu neman 'yar gona. A ƙasar nan akwai filayen da ake yankawa ƙanana a ba mutanen unguwa haya su shuka abin miya, allotment suke ce musu. Layin yana da tsawo, sai da aka shekara shida kafin wasiƙa ta iso. Muna cin abinci ta miƙo min ita.

"Mene ne wannan?"

"Gonarka ce, Malam. An ba ka."

"Ni na ce ina son gona?"

"Ba ka ce ba. Amma likita ya ce ka riƙa motsa jiki, ni kuma ina son yakuwa."

Filin yana bayan layin dogo, a matse tsakanin jirgin ƙasa da bayan wasu gidaje, ƙarshensa kuma ya dangana da titi. Gonaki arba'in da biyu ne a ciki, da ƙofar ƙarfe da kwaɗo, kowa da mabuɗinsa. Tawa ba ta fi tsakar gidanmu na ƙauye ba, kuma ƙaya da ciyawa sun cinye ta. Ranar farko hannuwana suka yi bororo. Amma kafin mako uku sai na ga jikina ya tuna abin da ni na manta. Ba wanda ya ce in yi kunya, na dai duba sai na ga na ja kunyoyi shida a miƙe irin na mahaifina. Mutane suka riƙa tsayawa suna kallo, don su a shimfiɗe suke shuka.

A nan na san mutum biyun da wannan labari ya shafa. Na farko wani Alhaji ne mutumin Ghana, haifaffen zangon Kumasi, wanda ya yi shekaru yana tuƙin tasi kafin gwiwa ta hana shi. Gonarsa tana can ƙarshe, daf da titi. Ya ji ina waya da Hausa sai ya taso da ƙoƙon shayi a hannu. Hausarsa ba ruwanta da mace da namiji. Washegari ya kawo min dashen attaruhu ya ce, "Matana ya ce in ba ka, shi ne ya rene su a taga." Na danne dariya na yi godiya, daga nan muka ƙulla.

Na biyu maƙwabcina ne na dama, wani tsohon Bature da ya haura tamanin, tsohon makanikin bas. Dankali yake shukawa da wake da albasa, a layi kamar an ja da zare. Bai cika magana ba. In ya ga kana ɓarna sai ya zo ya tsaya a kanka har ka tambaye shi da kanka. Shi ya gaya min kada in ɓata lokacina da kuɓewa a waje, sanyin dare zai kashe ta, kuma haka aka yi. Shi ya taya ni kafa rumfar leda, inda yakuwa ta yarda ta fito. Alhaji ya laƙaba masa Sarkin Noma. Da muka fassara masa sai ya ce sarautar ta yi masa, amma kada a sa rai zai yi rawani.

A bazarar shekarata ta huɗu a wurin, wata Asabar da safe, na tarar da mutane sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. An ɗaure wata takarda cikin leda a jikin ƙarfen. Da yawanmu mun ɗauka filin na council ne, wato ƙaramar hukumar yankin, ashe ba haka ba ne. Na magadan wani tsohon attajiri ne, ƙungiyar masu gonakin haya take yi a hannunsu tun da can. Takardar ta ce ba za a sabunta hayar ba. Wani kamfanin gine-gine zai sayi filin ya yi gidaje, in council ya ba shi izini. An ba mu zuwa bayan kaka mu kwashe namu.

Aka yi taro a rumfar da muke shan shayi. Sakatariyar ƙungiya, wata malamar makaranta, ta ce ana bukatar mutum biyar da za su tsaya a kan maganar, su bi gida-gida, su rubuta wa council, su je duk inda za a je. Alhaji yana zaune kusa da ni, sai kawai ya kama hannuna ya ɗaga.

Na fizge na ce da shi a hankali, "Alhaji, bari. Ba na shiga irin wannan."

"Kai ne mai boko. Ni in na yi Turanci su ma ba su ji."

"Na ce ba na shiga."

Ya dube ni ya ƙyale ni. Aka samu mutum huɗu, aka tashi.

Ina da dalili, ko da yake ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina da shekara tara ko goma abin ya faru. A kasuwar audugar yankinmu akwai wani malamin awo da manoma suka daɗe suna kuka da shi. Sikelinsa ba ya cika, kuma audugar da kowa ya san lamba ɗaya ce sai ya damƙa ya ce lamba biyu. Mahaifina da wasu mutum bakwai suka haɗa kai, suka ce ba wanda zai kai audugarsa sai an sauya shi, suka kuma tafi takanas suka kai ƙara. Ba su dawo ran nan ba. Kwana uku aka tsare su, wai suna tayar da fitina. Abin da na gani da idona shi ne dawowarsa, ba hula, riga duk ta yi dauɗa. Ya wuce mu ya shige ɗaki bai yi wa kowa magana ba. Mahaifiyata ta tara mu a bayan rumbu ta ce duk wanda ya girma a cikinmu, in ya ji ana haɗa kai a kan masu iko, ya kama hanyar gidansu. Na riƙe maganar nan har London. Ko takardar ƙorafi a kan kwandon shara ban taɓa sa wa hannu ba. Kullum ina ce wa kaina baƙo ne ni, na zo neman abinci.

Lokacin babbar 'yata tana gida hutu. Tarihi take karantawa a jami'a, abin da na daɗe ina yi mata tsiya a kai, ina tambayarta wa zai ɗauke ta aiki. Kamar sauran yaran da aka haifa a nan, tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Da na ba su labarin takardar, ita da mahaifiyarta, sai ta tambaye ni ko na san asalin filin. Na ce fili dai fili ne.

Ta ce a'a. Yawancin irin waɗannan filaye ba kyauta aka wayi gari aka bayar ba. A ƙarshen ƙarni na sha tara alkama mai araha ta riƙa shigowa Ingila a jiragen ruwa daga Amurka. Farashi ya faɗi, masu manyan gonaki suka rage ladan 'yan ƙodago, wasu ma suka sallame su. Su kuwa ba su da ko taku ɗaya na ƙasa, ɗakin da suke kwana ma na mai gona ne. Sai suka shiga kafa ƙungiyoyi, suna neman ƙarin lada, da 'yancin jefa ƙuri'a, da ɗan filin da mutum zai shuka abin da zai ci.

Na ce, "To ai manoman Amurka su suka ci riba ke nan."

Ta girgiza kai. Ta ce su ma kuka suke yi a daidai lokacin. Kamfanonin jirgin ƙasa suna tsawwala musu kuɗin dako, dillalai suna saye a wulaƙance, bankuna sun shaƙe su. Har suka gaji suka haɗa kai suka kafa jam'iyyarsu ta manoma.

"Sun ci zaɓe?"

"Wasu kujeru, Abba. Ba su kama mulki ba, jam'iyyar ma ta watse. Amma abubuwa da dama da suka nema, daga baya an zo an yi su."

Matata tana wanke-wanke tana jin mu. Ba ta juyo ba ta ce, "Ka kai ta wurin tsohon nan mana. Ba ka ce tun kakanninsa suke wurin ba?"

Ranar Lahadi muka je gidan Sarkin Noma, ni da yarinyar. Shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa. Ya dafa mana shayi, ya hau sama a hankali, ya sauko da wani tsohon gwangwanin biskit. A ciki akwai wani kati da rubutunsa ya kusa gogewa, da hoton wani mutum mai gashin baki riƙe da shebur, da ƙaramin littafi mai sunayen waɗanda suka fara noma filin. Ya ce mai gashin bakin kakan babansa ne. Huɗa yake yi wa wani mai gona a gabashin ƙasar. Ya shiga ƙungiyar 'yan ƙodago, mai gonar ya ji, ya kore shi daga aiki, ya kuma fitar da shi daga gidan da iyalinsa a mako guda. Suka ɗora kayansu a keken doki suka nufo London. Ya samu aikin haƙa a layin dogo, inda ya tarar da ire-irensa da yawa, mutanen da suka iya noma amma ba su da inda za su yi. Shekaru suka yi suna taro a ɗakin baya na wani coci, suna rubuta takardu, suna tare 'yan takara a lokacin zaɓe, har mai filin ya gaji ya yarda.

"Babana ya sha cewa akwai takardar da aka rubuta a lokacin," in ji shi. "Amma ban taɓa ganinta ba. Wataƙila ma ta ƙone lokacin yaƙin duniya."

Ina kallon hoton nan, mahaifina nake tunawa. Da muka dawo gida bayan la'asar sai na kira yayana, babban gidanmu, wanda har yanzu yana ƙauye. Bayan gaisuwa na tambaye shi ko ya tuna lokacin da aka tsare Baba.

Ya ce, "Ya zan manta? Ni na riƙa kai musu fura."

"Yaya, wai daga baya me ya faru?"

"Au, ba ka sani ba? Ai da kaka ta zagayo ba a dawo da malamin awon nan ba. Wani aka turo, da sabon sikeli. Ba wanda ya fito ya ce saboda su Baba ne, amma kowa ya sani. Har ya rasu mutanen ƙauyukan nan in sun gan shi a kasuwa sai sun durƙusa."

"Inna ba ta taɓa faɗa mana wannan ba."

"Inna tsoro ta ji. Kwana ukun nan ba ta ci abinci ba. Kai kuma yaro ne, shekarar ma aka kai ka makarantar kwana."

Na ajiye wayar. Shekara arba'in ina ɗauke da rabin labari. Washegari na aika wa sakatariya saƙo na ce in har yanzu ana neman mutum na biyar, ga ni.

Aikin da aka ba ni shi ne neman tsohuwar takardar da Sarkin Noma ya ambata. Akwai ɗakin adana tsoffin takardun yankin a saman wani laburare. Na yi booking, wato na kama rana, na ɗauki hutun kwana ɗaya a wurin aiki, muka tafi mu uku, ni da 'yata da Sarkin Noma. Ba a shiga da biro, sai fensir. Ana kawo maka kwali ɗaya, ka gama ka mayar a kawo wani. Zuwan farko ba mu samu komai ba sai taswira. Na biyu ma haka, ga rubutun mutanen da, wanda ni ko kalma ɗaya ba na iya fitarwa sai yarinyar ta karanta mana. Ta koma makaranta, na fara karaya. Ma'aikaciyar wurin ce ta ce tunda a coci suke taro, mu duba kwalayen cocin. Na koma ni kaɗai wata Laraba. A kwali na uku, tsakanin takardun gyaran rufi, na ga wata doguwar takarda mai kauri da jan hatimi, da zanen fili wanda na gane shi nan take saboda lanƙwasar layin dogo. Na ɗauki hotonta na tura wa 'yata. Ba a yi minti goma ba ta kira ni, na fita baranda na amsa.

"Abba, ita ce."

A taƙaice, mai filin ya rubuta cewa ya ware shi don ma'aikatan unguwar su noma, muddin akwai masu nomawa. Na ɗauka magana ta ƙare. Amma wata lauya da ta yarda ta duba mana kyauta ta sanyaya min gwiwa. Ta ce takardar tsohuwa ce, ba ta da tabbacin za ta ɗaure magada a kotu, ana iya ci, ana iya faɗuwa. Abin da ta sani shi ne masu gini ba sa son filin da ke da rigima, kuma 'yan council za su so su ji.

Aka sa ranar da kwamitin council zai saurari maganar. Kowane ɓangare minti uku. Mun riga mun yanke Sarkin Noma ne zai yi magana, don ba wanda ya fi shi cancanta. Saura mako guda ya zame a matakalar gidansa ya karye a ƙugu. Ni da Alhaji muka je duba shi a asibiti. Ya rame, ya yi fari kamar zanen gadon. Alhaji ya ajiye masa tumatirin gonarsa a kan durowa.

Ya dube ni ya ce, "Kai za ka yi."

Na ce akwai sakatariya, ta fi ni iya magana.

"Ta iya magana, amma ba ta taɓa jan kunya ba. Ka gaya musu abin da ka sani kawai."

A hanyar dawowa, cikin bas, Alhaji ya ce, "Malam, in ka ji tsoro ka dube ni. Zan zauna a gaba da babban riga."

Haka kuwa ya yi. Ranar ya sa babbar riga shuɗiya ya zauna a layin farko, matata a bayansa. Mutanenmu suka cika ɗakin, wasu da ƙasa a takalmansu. Wakilin kamfanin ya fara. Ba mugun mutum ba ne, kuma gaskiya ya faɗa: mutane suna layin gida shekara da shekaru, iyalai suna cunkushe a ɗaki ɗaya. Ina jin sa ina tuna yadda muka rene yara uku a ɗakuna biyu. Sai aka kira ni.

Na rubuta jawabi, amma da na miƙe sai na ajiye takardar. Na ce ni ɗan manomin auduga ne daga arewacin Nijeriya, ina gwajin jini a asibiti. Na ce mutanen da suka fara noma filin nan an taɓa korarsu daga ƙasa sau ɗaya, suka sha wuya kafin su samu wannan. Mu da muke ciki yanzu, daga Jamaika da Bangladash da Ghana da Turkiyya da nan Ingila, yawancinmu mun baro gona a wani wuri. Na ce ba ma gaba da gidaje, 'ya'yanmu ma nema suke. Roƙonmu a duba takardar nan kafin a yanke hukunci. A tsakiyar magana na ji bakina ya ce wallahi, a cikin Turancin, na ga Alhaji ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ban ma cinye minti ukun ba na zauna. Matata ta miƙo min ruwa ta bayan kujera.

Ba a yanke komai ba ran nan. Aka ɗage, aka ce lauyoyi su duba takardar, ɓangarorin kuma su zauna su tattauna. Wannan jira ya fi komai wuya. Wata biyu da 'yan kwanaki muka yi ba labari. Shekarar kuwa amfani ya yi kyau kamar da gangan. Kabewa ta yi ta yaɗo har gonar maƙwabta, yakuwa ta cika rumfa. Amma ba wanda ya tara taki don baɗi, ba wanda ya gyara shinge. Ni nake ba gonar Sarkin Noma ruwa, na haƙe masa dankalinsa na zuba a buhu, ban san ko shi ne na ƙarshe ba. Hawan jinina ya tashi, matata ta fara cewa da ta sani ba ta rubuta sunana ba.

Labarin ya zo wata Asabar da hantsi, ganye ya fara zuba. Ina tsugune ina cire ciyawa na ga sakatariya ta shigo da sauri da waya a hannu, tana kiran mutane su zo rumfa. Ta hau kan benci ta karanta mana. An daidaita. Kamfanin zai yi gini a gefen titi kaɗai, gonaki biyar za su tafi. Sauran filin kuwa magadan sun yarda su ba ƙungiya haya mai tsawo, wadda za ta wuce rayuwar duk wanda ke tsaye a wurin, kuma za a rubuta sharaɗin tsohuwar takardar a cikin sabuwa.

Mutane suka yi ta tafi, wata mata 'yar Jamaika ta fashe da kuka. Ni ban iya komai ba. Na kifa bokiti na zauna a kai. Sai a lokacin na gane tun bazara kafaɗuna a ɗaure suke. Na yi hamdala ban san adadi ba. Na kira matata, ta ce in taho da yakuwa, yau miyar taushe za a yi. Na tura wa 'yata saƙo, ta amsa da Hausa, abin da ba ta saba ba, ta ce Allah ya ƙara wa Abba lafiya.

Sai da hayaniya ta lafa na tuna gonar wa ke gefen titi. Na tarar da Alhaji a can, tsaye a tsakiyar attaruhunsa, hannu a baya.

"Alhaji, ban ji daɗin wannan ba."

"Haba Malam. Talatin da bakwai sun tsira, biyar sun tafi. Wannan ai nasara ne."

"Za a ba ku wuri in wani ya bari. Kafin nan mu raba tawa."

"Gonanka ƙarami ne."

"Ni da matata ba ma cinye abin da ke fita. Rabin yana ƙarewa a gidan maƙwabta."

Ya ce zai yi shawara da iyali. Na san ya yarda.

Da yamma muka je wa Sarkin Noma, lokacin an mayar da shi wani gidan jinya yana koyon tafiya da sanda. Muka gaya masa. Ya rufe ido na ɗan lokaci, har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Da ya buɗe sai ya tambaye ni ko na rufe buhun dankalin daga haske, don in ya ga rana kore yake yi. Na ce na rufe. Ya ce to madalla, ya kuma ce a ba Alhaji kunya biyu daga tasa, don ba ya jin ƙugun nan zai bar shi ya noma ta duka.

Aka ba masu gonaki biyar ɗin zuwa ƙarshen wata su kwashe. Sauran huɗun suka cire bukkokinsu da itatuwansu suka bar wurin. Alhaji ya ce shi da ƙasarsa zai tashi. Shekara goma sha ɗaya yana ciyar da ita da kashin doki da ɓawon ayaba da ganyen shayi, ba zai bar ta a zuba mata siminti ba. Na ɗauka wasa yake yi. Ranar Asabar na zo na tarar ya aro baro biyu da shebur uku.

Muka fara tun safe, ana yayyafi. Shi yana haƙa saman ƙasar, kamar zurfin tafin hannu biyu, ni ina turawa. Ƙasar baƙa ce wuluk, da laushi, tsutsa ta cika ta. Daga gonarsa zuwa tawa akwai 'yar tafiya, ga hanyar ta yi santsi. Ban yi sawu goma ba bayana ya fara ƙara. Wani Baturke da bai taɓa ce min fiye da sannu ba ya ajiye aikinsa ya karɓi ɗayan baron. Can sai ga sakatariya da nata. Kafin azahar mun kai mutum tara, muna bin juna a layi, ana ta zolayar Alhaji cewa sai ya biya mu da attaruhu. Muka tsaya ni da shi muka yi salla a kan buhu a cikin rumfar leda, ruwa yana buga ledar a samanmu, muka fito muka ci gaba.

Da la'asar ta yi an kwashe. Alhaji ya zagaya ramin da ya rage, ya tsinci wata tsohuwar fartanyar hannu da ta ɓace masa shekara uku, ya goge ta a wandonsa. Na kulle ƙofar ƙarfen, muka taka zuwa tashar bas, duk jikinmu taɓo. Direban ya dube mu daga sama har ƙasa, muka wuce can baya muka tsaya, don kada mu ɓata wa mutane kujera.